Carlisle a kakar 1912: yadda 'yan asalin Amurka suka lallasa sojoji a West Point

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ya ce ya ji labarin wata makarantar 'yan asalin Amurka da ta doke makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasar a wasan ƙwallo a 1912, har aka ce a wasan ne aka karya wa Eisenhower ƙafa, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Yana so ya san ko labarin gaskiya ne, wane irin ƙwallo ne suka buga, kuma in har sun kai haka ƙarfi, me ya sa yau ba a jin ɗuriyarsu.

Ɗan'uwa, wasan ya faru. Ranar 9 ga Nuwamba 1912 ƙungiyar makarantar Carlisle ta je har West Point, gidan sojojin, ta ci su 27 da 6. Dwight Eisenhower yana cikin fili ranar, yana ɗalibi ɗan aji biyu. Maganar karya ƙafa ce aka yi wa ƙari, zan zo kanta. Amma wannan wasa ɗaya ne cikin 14 da suka buga a kakar, kuma ba za ka gane nauyinsa ba sai ka san su wane ne yaran da irin makarantar da suka fito.

Ƙwallon ba irin wanda muke kallo a gidajen kallo ba ne. Zari-ruga ce irin ta Amurka, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kowane ɓangare mutum 11. Wanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama huɗu su matsa gaba yadi 10. In sun matsa a sake ba su wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Ana matsawa ne ko dai a rungumi ƙwallo a ruga, ko a jefa wa wani a gaba ya cafe. Masu tsaro kuma aikinsu su cafke mai ƙwallo su kai shi ƙasa. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya shiga gida ke nan, maki 6, sannan a ba shi bugu ɗaya na ƙarin maki 1. In an kasa shiga gida ana iya buga ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu, wannan maki 3 ne.

Yawancin waɗannan ƙa'idoji a 1912 ɗin aka kafa su. Kafin nan shiga gida maki 5 ne, dama uku ake bayarwa, fili kuma yadi 110 ne, sai aka rage shi zuwa 100 aka ƙara wani yanki na yadi 10 a bayan kowane layin ƙarshe. An kuma cire dokar da ta hana jifa ya wuce yadi 20. Gyare-gyaren sun samo asali ne tun 1905, shekarar da jaridu suka lissafa 'yan wasa kusan 18 da suka mutu sanadiyyar raunukan fili. A lokacin wasan turereniya ne zalla: ƙarti su haɗa kafaɗa su danno, wanda ya faɗi a bi ta kansa, hular kwano babu sai ɗan fatar da wasu ke ɗaurawa in sun ga dama. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne, aka kafa hukumar kula da wasannin jami'o'i da a 1910 ta koma suna NCAA, aka halatta jifan gaba a 1906. Duk gyaran da aka yi yana buɗe fili ne, yana rage amfanin nauyi, yana ƙara amfanin gudu da dabara. Babu ƙungiyar da wannan ya yi wa daɗi kamar Carlisle, domin yaranta kusan kullum su ne marasa nauyi a fili.

Carlisle ba jami'a ba ce. Makarantar kwana ce ta gwamnatin tarayya, ta koyon sana'a, a wani tsohon barikin soja a garin Carlisle na jihar Fensilbaniya. Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya kafa ta a 1879, kuma yaran farko 'ya'yan ƙabilar Lakota ne da aka ɗebo daga Rosebud da Pine Ridge, tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa. Manufar Pratt ba ɓoyayya ba ce, ya faɗe ta a bainar jama'a a 1892: a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro domin a ceci mutumin (Indiyawa shi ne sunan da Turawa suke kiran 'yan asalin Amurka). Da yaro ya iso sai a aske masa dogon gashinsa, a karɓe tufafin gidansu a ba shi kaki irin na soja, a laƙaba masa sunan Turawa, a hana shi magana da harshen uwarsa, in ya yi a hukunta shi. Rabin yini aji, rabin yini aikin ƙira ko kafinta ko ɗinki ko gona. Lokacin hutu, maimakon a mai da su gida, sai a rarraba su gidajen manoma Turawa su yi aikatau. Dubban yara daga ƙabilu kusan 140 sun ratsa ta wannan makaranta. Fiye da 180 suna kwance a maƙabartarta, tarin fuka da sauran cututtuka suka ɗauke su nesa da iyayensu, kuma tun 2017 rundunar sojan Amurka take tono wasu tana mai da su ga danginsu.

Na tsaya a nan ne saboda sau da yawa ana ba da labarin ƙungiyar kamar makarantar ce ta yi abin kirki. Ni ban ga haka ba. Yaran sun yi fice a cikin wurin da aka gina domin a shafe su, kuma makarantar ta ɗauki ficen nasu ta yi talla da shi.

Shi kansa Pratt da farko ya hana wasan, bayan wani ɗalibi ya karye a karawa da kwalejin Dickinson da ke garin. Ɗaliban ne suka je ofishinsa suka roƙa. Ya amince a 1893 bisa sharaɗi biyu: kada su taɓa rama naushi ko da an naushe su, domin in Bature ya yi duka za a ce zafin wasa ne, in su suka yi za a ce halinsu ne na daji, sannan su yi alkawarin nan da 'yan shekaru za su doke manyan jami'o'in ƙasar. Ka riƙe sharaɗi na farkon nan a ranka, yana da alaƙa da abin da ya faru a West Point.

Kocin da sunansa ya haɗu da nasu shi ne Glenn Warner, wanda ake kira Pop. Ya horar da su daga 1899 zuwa 1903, ya tafi, ya dawo a 1907 ya zauna har 1914. Mutum ne mai kaifin basira wajen ƙirƙiro salo, ga zafin baki, kuma ya sami yaran da suke son wasan wayo. A 1903 a gidan Harvard sun ɗinka roba a ƙasan rigar wani ɗan wasa, Charlie Dillon. Da aka bugo ƙwallon buɗe zagaye na biyu sai suka taru wuri ɗaya, Jimmie Johnson ya cusa masa ƙwallon a bayan riga, kowa ya watse yana rungume da ciki kamar shi ke da ita. Dillon ya ruga hannu sake tun daga wannan ƙarshen fili har wancan, 'yan Harvard suna kauce masa suna neman mai ƙwallo. Harvard ta farfaɗo ta ci wasan 12 da 11, amma ƙasar gaba ɗaya ta ji labari. A 1907, shekara ɗaya da halatta jifan gaba, lokacin manyan jami'o'i suna ganin jifa aikin ragwaye ne, Carlisle ta riga ta ƙware a jefa ƙwallo tana juyi kamar harsashi. Da shi suka ci jami'ar Pennsylvania 26 da 6, suka ci Harvard 23 da 15. A 1911 sun sake cin Harvard 18 da 15, suka gama kakar da nasara 11, rashin nasara ɗaya.

Akwai abin da masu ba Warner dukan yabo suke mantawa. A wancan zamani doka ta hana koci ba da umarni daga gefen fili. Ba na'urar magana a kunne, ba allon zane, ba a canza 'yan wasa yadda aka ga dama. Mutanen da suka kai hari su ne za su juya su yi tsaro. Da an busa usur, mai rabon ƙwallo ne yake duba yadda abokan karawa suka tsaya, ya zaɓi salon da za a yi, ya kira lambobin sirri da ƙarfi. A 1912 wannan aiki na Gus Welch ne, ɗan ƙabilar Chippewa daga Wisconsin, siririn saurayi mai sanyin kai. Shi yake saurin kiran salo bayan salo ba tare da barin abokan karawa su numfasa ba. Saboda haka duk wayon da aka gani a fili ranar wasa, daga kan yaran ya fito.

Tauraronsu kuwa Jim Thorpe ne, ɗan ƙabilar Sac da Fox, an haife shi a 1887 a yankin da yau ake kira Okalahoma. Ya shigo kakar 1912 yana mutumin da duniya ke magana a kansa. A watan Yuli na shekarar, a gasar Olamfik ta Sitokholm a ƙasar Suwidin, ya ci zinare a gasar wasanni biyar da kuma ta wasanni goma, ya karɓi kyauta daga hannun Sarki Gustav na biyar. Wani ɗan makarantarsu, Lewis Tewanima na ƙabilar Hopi, ya ci azurfa a tseren mita 10,000. An yi musu jerin gwano a New York. Watanni biyu bayan nan Thorpe yana fili da rigar Carlisle a matsayin kyaftin. Shi ke gudu da ƙwallo, shi ke jifa, shi ke bugun sanduna, shi ke dogon bugu na korar ƙwallo, kuma in aka juya tsaro yana cikin masu kayar da mutum. Tare da shi akwai Alex Arcasa da Stancil Powell a baya, a layin gaba kuma Joe Guyon da Pete Calac da Elmer Busch da Joe Bergie.

Farkon kakar bai da wani labari mai yawa. Sun ci Albright 50 da 7, Lebanon Valley 45 da nema, Dickinson 34 da nema, Villanova 65 da nema. Wasa na biyar, da Washington and Jefferson, aka tashi canjaras babu ci, Thorpe ya yi ta bugun sanduna ƙwallo tana kaucewa. Wasanni biyar ke nan cikin kusan mako biyu. Daga nan suka miƙe: Syracuse, wadda ita kaɗai ta ci su a 1911, ta sha kashi 33 da nema, Pittsburgh 45 da 8, Georgetown 34 da 20 a birnin Washintan, kwana biyu bayan nan kuma suna Toronto a Kanada suna wani wasan da suka ci da tazara mai yawa, sai Lehigh 34 da 14.

Ka lura da yawan tafiyar. In ka cire wasannin farkon kaka, duk sauran a gidan wasu suka buga su. Dalilin kuɗi ne. Garin Carlisle ƙarami ne, amma a Filadelfiya ko Pittsburgh dubban mutane za su biya kuɗin ƙofa su ga Indiyawa suna wasa, kuma kason da ƙungiyar ke samu yana shiga asusun wasanni da Warner ke riƙe da shi. Saboda haka kowane mako yaran suna cikin jirgin ƙasa, su sauka a filin baƙi, gaban 'yan kallon baƙi, alƙalan wasa ma ba nasu ba. Jaridun lokacin kuma in sun ci sai su rubuta cewa sun yi kisan kiyashi ko sun fede fatar kai, da zanen mutum riƙe da gatari.

Da haka suka isa West Point. Shekara 22 kacal ke nan da Wounded Knee, inda a ƙarshen Disamba 1890 sojojin doki na Amurka suka harbe 'yan Lakota tsakanin 150 zuwa 300, da yawansu mata da yara. Akwai dattawan hafsoshi da suka yi waɗancan yaƙe-yaƙe suna raye. Waɗanda suka ba da labari daga baya sun ce kafin a fita Warner ya tuna wa yaran cewa iyayen waɗannan ɗalibai da kakanninsu su ne suka yaƙi nasu iyayen. Ko bai faɗa ba, ba wanda yake bukatar a tuna masa. Wannan ne karo na biyu da makarantun suka haɗu. A 1905 ma Carlisle ce ta ci, 6 da 5.

Sojojin sun fi su jiki nesa ba kusa ba. Kyaftin ɗinsu, Leland Devore, ƙato ne da ake lissafawa cikin gwanayen layin gaba na ƙasar. Su suka fara shiga gida, 6 da nema. A zagayen farko ma aka kori Powell na Carlisle daga fili saboda ya kai wa wani naushi, abin da sharaɗin Pratt na farko ya hana. Sai Carlisle ta fito da abin da ta ɓoye. Salon da aka san su da shi shi ne a tara mutane gefe ɗaya na layi, a ajiye ɗan gudu ɗaya a wajen ƙarshen layin kamar fiffike, a wurgo ƙwallo kai tsaye ga Thorpe a baya. Ranar sai suka ajiye fiffike biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma wannan wasa ne aka fi ambato a matsayin ranar da aka fara nuna salon a babban fili. Amfaninsa shi ne mai tsaro ba ya iya sanin inda hari zai bi. Ƙwallo za ta nufi dama, a miƙa wa fiffiken da ke tahowa ta hagu, shi ma ya iya miƙa wa wani, ko a tsaya cak a jefa gaba. Ƙaton da ya danno da dukan nauyinsa sai ya tarar wanda ya nufa ba ya riƙe da komai. Kamar ɗan kokawa ne da ya jingina ƙarfinsa duka a kan abokin karawa, shi kuwa ya goce.

Bergie ya shiga gida, Thorpe ya buga ƙarin maki, aka tafi hutu Carlisle na gaba 7 da 6. Da aka dawo, a bugun buɗewa, Devore ya taho da gudu ya dira a bayan Guyon yana ƙasa, alƙalin wasa ya kore shi. Guyon ne ya hana shi sakat tun farkon wasa. Daga nan katangar sojoji ta tsage. Arcasa ya shiga gida sau uku. Thorpe bai shiga gida ko sau ɗaya ba a lissafin ranar, makinsa uku ne na bugun ƙari, amma duk wanda ya rubuta rahoton wasan a kansa ya tsaya, domin shi yake ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili, mutum biyu uku suna rataye a jikinsa, ya kawo ta bakin layi, Arcasa ya ƙarasa. Wannan ya fi burge ni fiye da tatsuniyar da ake yawan bayarwa ta cewa ya yi gudun yadi 90 da wani abu aka soke, ya sake yin wanda ya fi shi a bugu na gaba. Abin da ya faru a zahiri aikin ƙungiya ne, kuma tauraron ya yarda wani ya ci makin.

To, Eisenhower. Yana wasa a baya, ɗan gudu ne kuma mai tsaro, ana yi masa kallon mai tasowa. Shi da wani abokinsa sun shirya su haɗu a kan Thorpe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su fitar da shi daga wasa. Sun same shi sau ɗaya, ya tashi ya ci gaba. Da suka sake tahowa sai ya ja birki, suka yi karo da juna, aka fitar da su. Gwiwarsa kuwa mako guda bayan nan ta lalace, a wasa da Tufts, ya kuma ƙara fama ta wajen atisayen hawan doki, daga nan bai sake buga wa makarantar ba. Da ya zama babban kwamandan sojojin ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu, sannan shugaban ƙasa daga 1953 zuwa 1961, sai mutane suka haɗe labaran biyu suka zama ɗaya. Shi da bakinsa ya riƙa yabon Thorpe har tsufansa.

Mako guda bayan West Point suka je Filadelfiya, Pennsylvania ta ci su 34 da 26. Shi ne kaɗai wasan da suka rasa. Ƙungiyar da ta ci maki 26 a gidan wani ba ta rasa ƙarfin hari ba, tsaro ne ya yi sako-sako, kuma a ganina gajiya ce da saukar zuciya bayan wasan da suka ɗora wa rai duka. Wasa na 12 ke nan a cikin mako takwas, da mutanen da kusan ba a hutar da su. Suka ci Springfield 30 da 24 da ƙyar, sannan suka rufe kaka ranar 28 ga Nuwamba a Providence, cikin dusar ƙanƙara, suka ci Brown 32 da nema. Maki 26 daga ciki na Thorpe ne. Wannan ne wasansa na ƙarshe a Carlisle.

Jimilla nasara 12, rashin nasara ɗaya, canjaras ɗaya, da maki 504, babu ƙungiyar da ta kai su ci a shekarar. Lissafin da aka fi kawowa ya ba Thorpe shiga gida 25 da maki 198. Walter Camp, wanda zaɓensa ne ake ɗauka da muhimmanci a lokacin, ya sa shi cikin gwanaye 11 na ƙasa, kamar yadda ya yi a 1911. Kambun shekara dai Harvard ake ba, wadda ta ci wasanninta tara duka. A lokacin babu wasan ƙarshe na fitar da zakara, masana ne suke duba sakamako su yanke, kuma ƙungiyoyin biyu ba su haɗu a 1912 ba. Ba na jayayya da ba Harvard kambun, wanda bai faɗi ba ya fi wanda ya faɗi sau ɗaya. Sai dai Harvard ta buga tara ne, galibi a gidanta, Carlisle ta buga 14, galibi a kan hanya.

Wata biyu ba su cika ba abin ya juye. A Janairu 1913 jaridar Worcester Telegram ta buga cewa a 1909 da 1910 Thorpe ya buga ƙwallon sanda ta Amurka a wata ƙaramar gasa a jihar Karolina ta Arewa, a Rocky Mount da Fayetteville, ana biyansa 'yan daloli. Dokar Olamfik ta lokacin ta ce wanda ya taɓa karɓar kuɗi a wasa ba ya shiga. Ɗaliban jami'o'i da yawa suna yin wannan aiki lokacin hutu, amma da sunan ƙarya. Thorpe da sunansa ya buga. Warner da shugaban makarantar, Moses Friedman, suka ce ba su da masaniya, alhali masu binciken tarihi da yawa suna ganin da wuya koci ya rasa sanin inda gwaninsa ya shafe shekara biyu. Aka sa Thorpe ya sa hannu a wasiƙar amsa laifi, yana cewa shi ɗan makaranta ne Ba'indiye da bai san waɗannan abubuwa ba, wasiƙar da ta wanke manyan ta bar shi shi kaɗai. Aka karɓe lambobin aka mai da su Turai, aka ba Ferdinand Bie na Norway da Hugo Wieslander na Suwidin. Dokar gasar 1912 ta ce ƙorafi sai cikin kwana 30 da rufe gasa, wannan kuwa ya zo bayan wata shida. Ba wanda ya tsaya masa a kan wannan, kuma a lokacin da yawa daga cikin 'yan asalin ƙasar ba su da ma takardar zama 'yan ƙasa, sai a 1924 doka ta ba su.

Abokan wasansa sun ga abin da aka yi, kuma bai yi musu daɗi ba. Gus Welch, wanda ya kira salo a West Point, shi ya jagoranci tattara sa hannun ɗalibai sama da 200 a takardar koke zuwa Washintan. A 1914 majalisar dokoki ta aiko kwamitin bincike. Ɗalibai suka ba da shaida a kan ƙarancin abinci da dukan da ake yi musu, 'yan wasa suka ba da shaida a kan zagin da Warner ke yi musu, aka kuma bankaɗo yadda ake sarrafa asusun wasanni, har da kuɗin da ake ba wasu 'yan jarida da 'yan wasa. An sauke Friedman. Warner ya tafi jami'ar Pittsburgh a 1915, ya ci gaba da cin kofuna, sunansa ya ƙara girma. Ƙungiyar Carlisle kuwa ba ta sake tashi ba. A 1918 gwamnati ta rufe makarantar, ta mai da barikin asibitin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko, yau kuma kwalejin yaƙi ta sojan ƙasa ce a wurin. Dalilin da ya sa ba ka jin sunansu ke nan, ɗan'uwa: Harvard da West Point da Pittsburgh suna nan suna buga wasa kowace kaka, suna da tsofaffin ɗalibai masu raya tarihinsu, ita kuwa Carlisle ba ta da ƙungiya fiye da shekara ɗari.

'Yan wasan sun ci gaba da rayuwarsu. Welch ya karanta shari'a, ya yi aikin soja a matsayin hafsa a yaƙin duniya na farko, ya zama kocin kwalejin Washington State daga 1919. Guyon ya koma Georgia Tech, yana cikin ƙungiyarsu ta 1917 da ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Shi da Calac sun sake haɗuwa da Thorpe a ƙungiyar ƙwararru ta Canton Bulldogs. Thorpe ya buga ƙwallon sanda a New York Giants daga 1913, kuma a 1920 shi aka naɗa shugaban farko na gasar da ta zama NFL, babbar gasar zari-ruga ta ƙwararru a Amurka. Ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin kuɗi, ya rasu a Maris 1953. A 1982 kwamitin Olamfik na duniya ya mai da sunansa, amma a matsayin wanda ya raba zinare da Bie da Wieslander. Sai a Yuli 2022, shekara 110 bayan Sitokholm, aka rubuta shi a matsayin wanda ya ci gasannin biyu shi kaɗai.